Sikelin Eufemia

A Cobán, inda yayyafi ba ya gajiya,
inda gajimare ke kwana kan gonakin kofi,
na yi shekara uku ina dakon buhu
a rumbun da Eufemia Xol ke awo.

Bangaskiyata a lokacin rigar Lahadi ce:
in ciro ta daga akwati, in kakkaɓe,
in rera waƙa har jijiyar wuya ta miƙe,
Litinin in ninke ta, in sa mata kafur.

Ita ba ta da rigar Lahadi.
Zanen da take zuwa coci da shi,
shi ne wanda daɓen rumbu ya cinye wa baki.
Da asuba, kafin buhun fari ya hau,
sai ta hure ƙurar farantin sikeli,
ta ce, "Yesu, ga mu,"
kamar mai yi wa abokin aiki barka da fitowa.
Abin da nake ji na addu'arta ke nan.
Na raina shi.

Wata Laraba, kaka ta kusa ƙarewa,
ta ɗora dutsen gwaji,
allura ta ƙi tsayawa inda ta saba.
Ta sauke, ta sake ɗorawa.
Ashe sikeli na cin rabin laba a kowane buhu,
rabonsa da gwaji kuwa mako shida.

Na ce, "Iya, wa ya gani?
Laifin ƙarfe ne, ba naki ba.
A gyara, a ja baki a yi shiru,
ran Lahadi ki ƙara baiko."

Ta dube ni kamar na zuba mata gishiri a kofi.
"Baltasar, in ka sauki baƙo a gidanka,
ka ba shi ɗaki ɗaya mai labule,
ka kulle madafa, ka kulle rumbu,
masauki ka ba shi, ko tsare shi ka yi?"

Daren nan fitila ta sha mai.
Ta bi littafin awo suna bayan suna,
tana lissafi da ƙwayar masara.
Da safe ta sayar da talotalo huɗu
da take kiwo domin Kirsimeti.

Muka kama hanyar tudu, laka har ƙauri.
Dominga Cucul, gwauruwa, ta karɓi nata,
ta rasa ta cewa, ta dama mana koko.
Tsoho Anacleto Tiul ya ƙirga sau biyu,
ya ce, "Wanda ya ci rabi ya iya cin ɗaya,"
ya tura ƙyaure.
Bai sake kawo mana kofinsa ba.

A gangare na ce, "Kin gani? Ina ribar?"
Tana haki, tana dafa gwiwa, ta ce,
"Ai ba ciniki na je yi ba."
Ba ta ƙara ba. Ruwa ya ci gaba da zuba,
ni kuma wani abu ya tsaya mini a maƙogwaro
har muka iso gari.

Yau shekara tara idonta ya yi hazo,
ni ke tsaye bayan sikeli.
Ba zan ce zuciyata ta cika awo ba:
akwai ɗakunan da har yanzu
nake jin nauyin makullinsu a aljihu,
fushi da ƙanena, son a yabe ni,
da tsoron ranar da farashi zai faɗi.
Amma ina buɗewa, ɗaya yau, ɗaya wata rana,
wani in buɗe da safe, in tarar na rufe da yamma.

Ga asuba ta yi. Ga alfadarin farko a ƙofa,
buhu biyu, jiƙe da raɓa.
Na sunkuya, na hure ƙurar faranti.
Yesu, ga mu.